Turai 'Yar Malabo

A dogon benen da ɗaliban Najeriya suka fi haya a Pantai Dalam, wata unguwa a birnin Kuala Lumpur, babu wanda bai san Turai ba, matar Malam Ashafa mai karatun digiri na uku a jami'ar da ke kusa. Ranar Asabar takan toya masa da miyar taushe, samarin da ke karatu a Bukit Jalil su hawo jirgin ƙasa su zo su ci, su kuma yi tapau, wato su ƙunshe wata su tafi da ita. Hausarta ras take. Sai dai in mai ya fallatsar mata a hannu, abin da ke fita daga bakinta Sifaniyanci ne. A nan baƙo ke gane ba a Najeriya aka haife ta ba.

A Malabo aka haife ta, babban birnin Ikwatoriyal Gini. Maƙwabciyarta Walida, wadda ake kira Maman Umair, ta daɗe tana zaton Ginin Konakiri ce.

"Ba ita ba ce, Maman Umair," in ji Turai. "Tamu 'yar mitsitsiya ce, mutanenta duka ba su kai na birnin Kano ba. Babban yankinta yana tsakanin Kamaru da Gabon, amma mu a tsibiri muke, cikin teku, ba nisa da Kalaba. In gari ya washe har dutsen Kamaru muke hangowa. Mutanen Sifen ne suka mulke mu, shi ya sa a makaranta da ofis sai yarensu. A kasuwa kuwa kowa da nasa, Fang da Bubi da wani irin Turancin buroka."

"To me ya kai Bahaushe can?"

"Koko. Kakanmu aikin gonar koko ya kai shi. Yanzu kuma an haƙo mai a teku, Turawa sun cika gari, manyan motoci ko'ina, amma lokacin da na baro unguwarmu a rijiya muke ɗiban ruwa."

Iyakar abin da takan faɗa ke nan. In aka gangaro kan maganar mulki, sai ta tashi ta ce tukunya na jiran ta. An haife ta a shekarun farko bayan samun 'yancin ƙasar, lokacin da mutum kan fita da safe a neme shi a rasa. Da aka kwashe 'yan Najeriya ma'aikatan gonaki aka mayar da su gida, mahaifinta ya ƙi tafiya, don can aka haife shi, bai san wani gida ba. Mahaifiyarta, Inna Ɗelu, ta rene su a kan cewa in mota ta tsaya a ƙofar gida kada a leƙa, kuma abin da aka gani a titi a bar shi a titi. Da Turai ta tasa aka kai ta Kano wajen gwaggonta don karatun Islamiyya. A can suka haɗu da Ashafa, suka daidaita, aka yi aure. Bayan rasuwar mahaifinta, mutum biyu suka rage mata a Malabo: Inna Ɗelu da yayanta Kalilu, mai rumfar atamfa a kasuwa.

Wata rana a watan Maris na 2004 Ashafa ya dawo daga jami'a tun kafin la'asar, abin da bai saba ba. Ya tsaya a ƙofar kicin bai cire takalmi ba.

"Maman Khaulah, yaushe rabonki da magana da Yaya Kalilu?"

Ta ajiye ludayi. "Lafiya, Malam?"

"Na gani a intanet, an tsare wani jirgin sama a Zimbabuwe cike da sojojin haya. An ce ƙasarku za su je su kifar da gwamnati. A Malabo kuma ana ta kama baƙi."

"Ai Yaya ba baƙo ba ne," ta ce. Amma ta san yadda ake kallon Bahaushe mai doguwar riga da hula a can, ko da kakansa ne ya dasa kokon garin.

Ta zura hijabi ta sauka kedai, wato kantin Ba'indiyen da ke ƙasan bene ta sayi katin waya. La'asar a Kuala Lumpur hantsi ne a Malabo, lokacin da Kalilu ke buɗe rumfa. Ta kira salularsa, a kashe. Ta sake, a kashe. Haka ta yi ta yi har yatsanta ya fara kuskure lambobin. Washegari ma haka.

Sai ta tuna da Mama Pilar, tsohuwa 'yar ƙabilar Bubi mai sayar da busasshen kifi, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da na Inna, kuma tana da wayar tarho. Tsohuwar ta ɗauka, ta gane muryar nan take, amma ba ta ambaci sunanta ba. Cikin Sifaniyanci ta ce, a hankali, kamar mai tsoron tada jariri:

"'Yata, ana ruwa sosai a nan. Mahaifiyarki tana wajena, tana cin abinci. Yayanki ya yi tafiya."

"Tafiya ina, Mama? Wa ya tafi da shi?"

"Ya yi tafiya tare da mutane da yawa. Ki yi addu'a irin taku, ni ma ina yin tawa."

Tsohuwar ta kashe wayar.

Turai ta gane. Tun tana yarinya ta san abin da ake nufi da tafiya in an faɗe ta da wannan murya. Daga ranar abinci ya daina shigar ta. Ta sa Walida ta sanar da samari cewa babu masa sai wani lokaci. Ashafa ya yi ta buga waya Najeriya, yana neman wanda ya san wani a Kalaba ko Duwala, amma kowa sai ya ce shi ma ji yake yi a rediyo. Wani ya ce an cika jirgin ruwa da mutane an tura su Kamaru. Wani ya ce akwai waɗanda ba a fito da su ba. Turai ba ta san wanne za ta riƙe ba, sai ta riƙe mafi muni.

Ana cikin haka, wata safiya bayan Ashafa ya fita, tana shanya a baranda, ta hango farar mota ta tsaya a gindin benensu. Maza masu kaki suka fito. Jim kaɗan ta fara jin ana ƙwanƙwasa ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, ana matsowa. Takardunsu na zama cikakku ne, ta sani, amma jikinta bai tsaya jin wannan ba. Ta fizgo Khaulah, 'yarta mai shekara huɗu, ta shige banɗaki ta murza makulli, ta toshe wa yarinyar baki da tafin hannu. Aka buga ƙofarsu. Aka sake bugawa. Tana ta karanta duk abin da ya zo bakinta.

Muryar Walida ce ta fito da ita. "Maman Khaulah! Ki buɗe mana, ma'aikatan lafiya ne, sauro suke dubawa. An samu mai zazzaɓin dengi a hawa na uku."

Ta buɗe. Wani matashi Bamaleshiye ya gaishe ta da sallama, ya leƙa bokitin banɗaki da tukwanen furen baranda, ya yi godiya ya wuce. Khaulah tana ta kuka, shatin yatsun uwarta a kumatunta. Turai ta dubi shatin, ta zauna a ƙasa ta fashe da kukan da ta kasa yi tun ranar da labarin ya zo. Walida ba ta tambaye ta komai ba. Ta goya yarinyar, ta dama kunu, ta zauna kusa da ita har ta sha.

Mako ya zagayo, wani ya bi bayansa, sannan wayar Ashafa ta yi ƙara da wata lamba ta Kamaru. Ya saurara kaɗan ya miƙa mata.

"Turai, ni ne."

"Yaya! Kana raye? Kana ina?"

"Ina Duwala, a masallacin Hausawa. Alhamdu lillahi." Muryarsa ta dushe kamar ta tsoho. Ya ce a rumfarsa aka ɗauke shi. Ya nuna takardar haihuwarsa, aka ce kowa ma yana iya samo takarda. An tara su a wani fili cikin rana da ruwa, daga nan aka loda su a jirgin ruwa. Hannunsa na hagu ba ya ɗaguwa sosai. Da ta tambayi abin da ya sami hannun, sai ya ce, "Bar wannan. Ya Inna?"

Turai ta so ta tafi ta ɗauko Inna da kanta. Ashafa ya tuna mata cewa fasfon Najeriya ne a hannunta, ita ma yanzu baƙuwa ce a garin da aka yanke cibiyarta. Ta haƙura, don gaskiya ya faɗa. Inna ma, da aka samu ta zo kan wayar Mama Pilar, cewa ta yi ba inda za ta, kabarin mijinta da na 'ya'yanta biyu suna nan, kuma ta tsufa da koyon sabon gari.

Kalilu bai koma ba. Ya bi mota ta Arewacin Kamaru ya shiga Najeriya, ƙasar da bai taɓa takawa ba sai da ya haura arba'in. Gwaggonsu ta sama masa wuri a wajen wani mai atamfa a Kwari, inda ake tsokanar sa saboda yana lissafi da Sifaniyanci.

Turai ta ci gaba da zama a Pantai Dalam har Ashafa ya kammala karatu a 2007. Ƙibar da ta zube mata a wancan watan ba ta dawo duka ba. Duk Juma'a da la'asar takan kira gidan Mama Pilar, a je a kamo hannun Inna a kawo ta. Hirarsu ba ta wuce ciwon gwiwa da tsadar kifi da yadda Khaulah ke amsa Hausa da Turanci. In Inna ta yi jinkirin zuwa, Turai kan tsaya da wayar a kunne har sai ta ji jan silifas ɗin tsohuwar a kan siminti.