Dami Ɗaya daga Gonar Fadama

Ƙanen ubana, wanda muke kira Baba, bai taɓa tambayar Kaka yadda ta kwana ba sai ranar da ya ga amfanin bakinta. Ya daɗe cikin kaki, yawancinsa a bakin ƙofar wani ofis a Yamai yana sara wa motoci, amma in yana ba da labari sai ka rantse shi ya riƙe ƙasar a zamanin soja. Da aka shiga jam'iyyu ya ajiye kaki, ya dawo ƙauyenmu kusa da Filinge da babbar riga da tumbi, ya fara duba abin da zai ci cikin dangi. Ubana ya riga ya rasu, babu mai tsawata masa.

Idonsa ya faɗa kan gonar fadama. Mu ke noma rabin yamma, wani tsohon Bafulatani da 'ya'yansa suna noma rabin gabas, layin gamba ya raba mu. Ruwa kusa yake a gefensu, shi kuwa Baba mangwaro yake so ya dasa, ya sa injin ban ruwa. Sai ya kai ƙara wurin sarki, wai gonar duka tamu ce, aro kakanninmu suka ba Fulanin, waɗanda a garinmu muke ce wa Hillani. Sarki ya ce bayan girbi a kawo shaida.

A ƙasarmu ta Kurfai mai aron gona yakan kai wa mai ita dami ɗaya na hatsi kowace shekara, don kada a manta gonar wa ce. Wanda ake kai wa dami shi ne mai ƙasa. Baba bai yi shakkar komai ba, domin a gidanmu an san kakan ubana ya zo bisa farin doki da mashi, ya sare dajin da hannunsa. Ni ma na sha labarin nan tun ina goye. Har ɗalibaina na lakwal, makarantar boko, na taɓa ba su shi, ina hura hanci.

Da hantsi ya iso rumfar Kaka da sabuwar rediyo mai kaset, ya kawo wa uwarsa goro, matar da haƙorinta na ƙarshe ya fita tun yana kurtu. Shi in ya yi mata magana ihu yake kamar a filin fareti, ita kuma sai ta ƙi ji. Don haka ya sa aka kira ni, ya miƙo mini takardar tambayoyi da ya rubuta da Faransanci. Ya danna maɓallin ɗaukar magana don ya samu shaidar kai wa sarki, ya gyara riga kamar kaset na gani.

Na ce, “Kaka, tsakaninmu da Hillanin gabas akwai dami?”

“Awo, Madam. Kowace shekara.” Haka take kirana don tsokana tun da na fara koyarwa.

Baba ya washe baki, ya matso da rediyon.

“Kin gani da idonki?”

“Mi ag gani? Ni na ɗauke shi. Shekarar da anka kawo ni gidanga, surukina yac ce amarya ta kai. Wuyana ya kwana ukku shina ciwo.”

Na dubi takardar. Tambayar da ke gaba ita ce wa ke karɓar damin a gidanmu. Na ajiye ta.

“Kika kai ina, Kaka?”

“Gidan Hillani mana. Gonarsu ta. Kakan ubanki yunwa tak koro shi daga arewa, shi da jaki guda, jakin ma gurgu. Sunka tausaya mai, sunka yanka mai inda shanunsu sunka yi taki.”

“To, farin dokin fa?”

Ta yi dariya har da tari. “Maroƙi yab ba mu dokin ga, ranar sunan ubanki, da anka ba shi akuya. Damin ko ba a bari ba sai da wanga yaz zo hutu da kaki, yac ce soja sun ce gona ta mai noma ta, kowa yak kai dami sai ya ɗaure shi.”

Baba ya danna maɓalli da ƙarfi har rediyon ta faɗi. Ya ce tsohuwa ta ruɗe, ba ta san gabas da yamma ba. A bakin ƙofa ya juyo ya nuna ni da yatsa. “Ke ba ki ji komi ba.” Ni kuma, mai koya wa 'ya'yan mutane faɗin gaskiya, na sunkuyar da kai na ce, “To, Baba.” Na raina kaina a ranar, amma uwata da ƙannena daga rabin yamma suke ci, in magana ta fita mu ma muna iya rasawa. Kafin mako ya zagayo na ji kaset ɗin a majalisarsa, ya naɗi waƙar jam'iyya bisa muryar uwarsa.

Saura kwana biyu a zauna gaban sarki, Kaka ta aika a kira ni. Tana da 'yar gayaunarta, gonar kanta da jikoki ke noma mata, an jera damman a bayan ɗaki.

“Madam, boko ya bar miki wuya?”

“Ya bari, Kaka.”

“To naɗa gammo. Ɗauki babban can ki kai. Kuma kar ki bi bayan gari kamar ɓarauniya.”

Na ce mata in Fulanin suka karɓe gonar fa. Ta ce tasu ce, in sun karɓa abinsu suka karɓa, ita dai ba ta shiga kabari da kunyar nan.

Hanyar gabas ta gaban majalisa ta bi. Rana tsaka, maza cike ƙarƙashin itacen bedi, Baba a kujerar tsakiya da kofin shayi yana ba da labarin yadda ya taɓa tsawata wa minista. Dami ya danne mini wuya, zangarniya na sukar kunnena. Wani dattijo ya ɗago kai.

“Madam, ina zuwa da dami?”

Na ce, da muryar da nake kiran suna a aji, “Gidan Hillani. Kaka ta ce in kai na gonar fadama.”

Babu wanda ya nemi ƙarin bayani. Baba ya miƙe, shayi ya zube masa a riga, ya buɗe baki, sai ya ga duk idanu a kansa. Jarumin bakin ƙofa ya koma ya zauna.

Tsohon Bafulatanin na iske shi yana tufka igiya. Ya daɗe yana kallon damin kafin ya sa ɗansa ya sauke mini. Ina jiran ya ce mu tashi daga gonar. Ya ce, “Tsohuwa na da rai ke nan. Ki gaishe ta. Ku yi ta nomanku.”

Ranar zama gaban sarki Baba ya shiga motar Yamai tun da safe, wai manya na nemansa da gaggawa. Ƙara ta mutu a nan. Daga ranar bai sake amsa gaisuwata ba har ya koma ga Allah. Amma tuwon gonar aro, ban taɓa ganin kwanonsa ya dawo da saura ba.