Baba da banɗakin gidan haya

Jiya ɗana ya daɗe a banɗaki. Na ɗaga hannu zan buga ƙofa, sai Baba ya faɗo min a rai. Na sauke hannun.

Lokacin da gwamnati ta tare a Abuja, Baba masinja ne, yana jiran kwatas ɗin da aka yi musu alkawari. Mu takwas a ɗaki guda a Bagama.

Sai ya tsiri shiga banɗakin gidan ya ƙi fitowa, 'yan haya na layi da butoci suna zagi. Aka ce aljanun banɗaki ne suka shafe shi. Mama ta kira malami ya yi masa ruƙiyya, maƙwabta na leƙe ta taga.

Malam ya daka tsawa: "Kai wane ne? Me kake nema a can?"

Baba ya ce a hankali, "Ni ne dai, Malam. Can ne kaɗai ke da sakata. Magidanci ya yi kuka a gaban 'ya'yansa?"

Aka ce aljanin ne ke magana. Aka ƙara hayaƙi.

Har ya rasu kwatas bai fito ba. Allah ya jiƙansa.

Ku fa, a gidanku, ina babanku yake zuwa ya yi kuka?