Ranar da Baƙin Mishan Suka Zo Jimeta

Duk sanda na ji an buga tulun zumuntar mata, wannan sauti mai zurfi da ke shiga har ƙirji, sai in ga kaina a harabar cocinmu ta Jimeta, ina 'yar shekara goma sha ɗaya.

Da ƙafa muka baro garinmu lokacin da 'yan bindiga suka shigo, ni da ƙanwata mai shekara huɗu. Iyayenmu ba su biyo mu ba. Coci ta karɓe mu tare da sauran marayu, muna kwana a ajin makarantar Lahadi. Matar fasto, wadda kowa ke kira Mama, ita ke mana kitso, ita ke dama mana kunun gyaɗa. Ni ina son tatsuniyar soyayya tun ina ƙarama, shi ya sa na ɗauke ta uwar da ake tsinta a ƙarshen labari. Abu ɗaya na roƙe ta, kada a raba ni da ƙanwata. Ta dafa kaina ta ce muddin tana numfashi ba mai raba mu.

Da zafin bazara aka ce baƙin mishan za su zo. Aka share harabar, aka yayyafa ruwa, ƙasa ta yi ƙamshi kamar an yi ruwan farko. Mama ta zaɓe ni in ja waƙa. Kwana uku ina mafarkin wata baƙuwa za ta ji muryata ta ɗauke mu mu biyu zuwa gida mai furanni.

Ranar Lahadi na tsaya gaban bagade, ƙanwata tana bencin farko da sabuwar riga, wadda ni ban samu irinta ba. Na yi waƙa har baƙin suna share hawaye. Sai fasto ya ce kowa ya rufe ido a yi wa marayu addu'a. Mama ta matso ta riƙe hannuwana biyu gam.

"Rufe da kyau, 'yata, Yesu yana kallonki," in ji ta.

Addu'ar ta yi tsawo. Na ji ƙarar ƙofar gefe, na ji tashin mota, ban buɗe ba, don an koya mana yaron kirki ba ya leƙe. Da aka ce amin, bencin babu kowa.

Daga baya na ji cewa baƙin sun tafi da ƙanwata makarantarsu, wadda ƙananan yara kaɗai take ɗauka, kuma an gama magana tun mako guda. Mama ta ce ta san zan yi kuka in tayar da hankalin yarinyar, shi ya sa ba ta gaya mini ba.

Yau ina koyarwa a Girei. Ƙanwata ta yi karatu mai zurfi, tana kirana lokacin Kirsimeti, mu gaisa da Turanci kamar waɗanda suka haɗu a mota. Yarenmu ya ɓace mata. Mama ta tsufa, nakan haye gada in kai mata lemu. Takan ce, "Kin ga dai alheri muka yi mata." Ba na musu, don gaskiya ne. Amma har yau ba ta taɓa cewa in yi haƙuri ba, ni kuma ban taɓa ce mata na yafe ba.