Ranar da Na Kalli Baba

Lokacin kullen korona aka rufe firamaren da nake koyarwa a Makarfi, na tattara na koma gidanmu a Likoro. Zaman banza ya ishe ni, sai wata abokiyar aikina ta jefa ni cikin wani aji na waya, inda wata mai zane daga Zariya take koyarwa ta bidiyo. Ni da ko kaza na zana a allo sai yara sun tambaya ko akuya ce.

Duk gidanmu babu inda sabis yake kamawa sai gindin mangwaron ƙofar zaure, inda Baba yake shimfiɗa buzunsa. Nan nake raɓewa da fensir, shi yana jan carbi, ni ina fama da zanen tulu.

Wata rana malamar ta ce kowa ya zana fuskar wani na gida, kuma abin da ido ya gani za a zana, ba abin da aka sani ba. Baba ne kusa. Amma ni tun da na yi wayo ban taɓa tsayar da ido a fuskarsa ba. Haka muka taso, a durƙusa a gaishe shi ana kallon ƙasa, a ajiye masa tuwo a fita. Na fi sanin yatsun ƙafarsa a kan idonsa. Na riƙa satar kallo gabana yana faɗuwa, kamar mai tsame nama a tukunya.

Na tura mata zanen. Ta yaba goshi da gemu, sannan ta ce bakin ya karkace, idon hagu ma ya sauka, in gyara. Raina ya ɓaci, don na san na natsu. Na ɗaga kai na dube shi sosai, kallon da ban taɓa yi masa ba.

Zanena daidai yake. Bakin Baba ne ya karkace.

Sai a lokacin na ga hannunsa na hagu yashe a kan cinya. Na tuna kwanan nan da gyaɗa kai yake amsa gaisuwa, muna cewa haushin rufe masallaci ne. Tuwonsa yana dawowa rabi, muna cewa zafi ne. Na gaya wa malamar cewa haka fuskar take.

Ta ce, “’Yar’uwa, ajiye fensirin nan ki nemi mota yanzu.”

Yayana ya roƙi motar maƙwabcinmu mai ɗaukar rake. A kowane shingen jami’an tsaro fuskar Baba muke nunawa a buɗe mana hanya. A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma ta kwana biyu, da an kawo shi da wuri wataƙila a ceto hannun. Tsoro da takaici suka hana ni ko kuka. Gida cike da mutane, kowa yana girmama shi, amma sai wata baƙuwa a Zariya ce ta fara gani.

Da harshensa ya ɗan saki, ya ce in kawo masa takardar zanen. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi magana da ƙyar.

“Kullum kuna gabana. Na zaci kun gani ne kuka yi shiru.”

Hannun bai dawo ba har yau.