Ciyawar da Mamaci Ya Ɗaure

Abin da zan faɗa ya faru a shekarar da mijin autata ya rasu.

Mutum ne mai son abin ruwa. A falonsu na Kura ya ajiye wani akwatin gilashi cike da ruwa, da yashi a ƙasa, da kifaye jajaye guda biyar waɗanda ba a ci, sai kallo. A tsakiya akwai dutse, a kan dutsen akwai wata ciyawa mai faɗin ganye, koriya shar. Bai shuka ta ba. Ɗaure ta ya yi da baƙin zare, saiwoyinta a waje suna lilo.

Da auta ta fita takaba, wurin aikinta suka tura ta kwas Zariya na wata biyu. Ta ɗauko ni daga ƙauyenmu na wajen Bunkure in zauna mata da gida da jikoki. Ranar tafiya ta tsaya gaban gilashin ta ce, "Inna, kifi ko ya mutu akwai irinsa. Ciyawar nan kuwa shi ya ɗaure ta da hannunsa. Ita na bar miki amana."

Na ce, "Auta, shekara hamsin ina dashe. Ciyawa ce za ta gagare ni?"

Kwana huɗu da tafiyarta zaren ya ruɓe ya tsinke. Na idar da sallar asuba, gari ya yi haske, na tarar da ciyawar a saman ruwa, kwance, tana juyawa a hankali. Na ce wannan ai sauƙi ne. Na naɗe hannun riga, na tona yashin, na binne ta har wuya, na danna gefe da gefe da babban yatsa, yadda muke wa tumatir a kwami. Har na ce a raina, Allah ya jiƙansa, ɗan boko ne, bai iya dashe ba.

Mako guda, ganye ɗaya ya yi rawaya. Na tsinke shi na jefar a bayan gida don kada jikoki su gani. Bayan kwana uku wani ya bi shi. Shi ban ma taɓa shi ba, da kansa ya saki gindi ya taso sama.

Maƙwabciyarsu, wata mai bakin tsiya da mijinta ke noman shinkafa a Kadawa, ta leƙo ta same ni a durƙushe gaban gilashi.

"Iya, lafiya? Mu muna feshi mu kashe ciyawa, ke kina jinyarta?"

"Ke dai zo ki duba."

Ta duba ta taɓe baki. "Yunwa ce. Ko ke aka dasa a yashi ba taki ai sai ki yi rawaya. Bari in kawo miki takin yuriya."

Ɗan abin da yatsu biyu suka tsinta na zuba. Washegari ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa, kifayen duk sun taso sama suna buɗe baki, suna rufewa, suna buɗewa, ba sauti. Na kwashe ruwan da kwanon sha na zuba sabo, na sake kwashewa na sake zubawa, har bayana ya riƙe. Guda ya mutu kafin la'asar.

Ran nan auta ta kira a waya. "Inna, ya ciyawar?"

Na ce, "Tana nan." Ban taɓa yi wa 'yata ƙarya ba, kuma wannan ma ba ƙarya ba ce.

Na yaye labule don rana ta samu ciyawar. Gansakuka ta rufe gilashin, ganye kuwa bai daina faɗuwa ba. Tara ne da farko. Suka koma biyar, suka koma uku. Kullum da safe sai in tsaya a bakin ƙofar falon in yi bismillah kafin in ɗaga ido.

Da suka rage biyu na tura hannu na tono ta. Wari ya bugi hancina, irin na albasar da ruwa ya kwanta wa a gona. Gindinta, wanda yake kwance kamar ɗanyar citta, ya narke a yatsuna, baƙi, da yauƙi. A nan na gane. Wannan gindin ba ya son ƙasa. Mamacin ya sani, shi ya sa ya bar shi a waje. Ni na shaƙe ta da iyawata.

Na samo reza na yi ta yanka, ina yanka ina taɓawa, har na kai inda ke da tauri. Abin da ya rage bai kai gaɓar ɗan yatsa ba, da ganye ɗaya. Na ɗaure shi a dutsen da zaren kitso.

Ranar da auta ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba na zaunar da ita na faɗa mata duka, har da takin, har da abin da na ce a raina game da mijinta. Ta tashi ta je gaban gilashin ta daɗe a tsaye. Sannan ta ce, "Ba komai, Inna. Sannu da ƙoƙari." Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Ganyen ya yi kwana goma sha ɗaya ya faɗi. Kututturen yana nan a kan dutse har na koma ƙauye, bai ruɓe ba, bai tofo ba. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kuma tana zuwa gaishe ni duk Juma'a. Sai dai tun daga lokacin, in tafiya ta kama ta, ƙanwar mijin take kira ta zauna mata da gida.