Hanjin Roba Mai Lamba Tara

Ba ta iya yabo ba, kuma ba ta taɓa yin kamar ta iya ba. Ko ɗiyarta ta cikinta ta kawo sakamakon makaranta da tara cikin goma, abin da za ta ji shi ne, "Ɗayan fa, ina ya tafi?" Ma'aikatan asibiti suka laƙaba mata Almakashi saboda kaifin bakin. Da labari ya kai mata ta ce ba laifi, almakashi ai kayan aiki ne. Tun daga ranar kowa Sista Almakashi yake ce mata, har a gaban idonta.

Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin tiyata tana miƙa wa likitoci kayan aiki. A gabanta aka rage tsaga ciki, aka koma huda ƙananan ramuka uku ko huɗu, a zura kyamara ta ɗaya, a zura dogayen ƙarafuna masu baki irin na hantsaki ta sauran. Idon likita na kan allo, hannunsa na waje, allura na can ciki. Ɗinki a haka ba wasa ba ne. Allo ba ya nuna zurfi, kuma in ka kai hannu dama, bakin ƙarfen hagu yake yi. Ita ba ta taɓa ɗinke mutum ba. Amma ta ga ƙulli ya fi dubu ashirin, ta kuma ga waɗanda aka dawo da su rana ta uku da zazzaɓi saboda ƙulli ɗaya ya saki.

Da gwiwoyinta suka ƙi tsayuwa, aka mai da ita wani ɗaki a ƙarshen baranda, inda ake ajiye akwatunan koyon ɗinki. Sai asibitin ya kafa doka: duk shekara biyu a gwada manyan likitocin su ma. Kowa ya zauna gaban akwati, ya ɗinke tsagar da aka yi wa wani hanjin roba, agogo na tafiya. Wanda ya faɗi zai ajiye irin wannan tiyatar wata uku, sannan ya sake. Ba a rubuta suna, lamba ake liƙawa. Agogo aikin shugaban sashe ne. Nata aikin shi ne a kawo mata hanjin a faranti, ta ɗaure bakinsa guda, ta ɗura ruwa mai shuɗi da sirinji, ta ga ko zai yi yoyo. Sannan ta ja kowane ƙulli.

Hanji goma sha ɗaya aka kawo mata ranar gwajin. Na tara tana ɗagawa ta san mai shi. Ɗinkin ya faro daga dama, bakin zaren an yanke shi gajere a karkace. Mutum ɗaya ke yin haka a duk asibitin: Bahago, babban likitansu, wanda ya zo yana ɗan saurayi ita ta nuna masa inda ake wanke hannu. Har ya yi furfura Yaya yake kiranta. Shi ne kuma ya ɗinke hanjin maigidanta shekara takwas da suka wuce, lokacin da kowa ya fid da rai.

Ta ɗura ruwa. Ɗigo ya fito a ƙulli na uku. Ta goge, ta sake ɗurawa. Ya sake fitowa. Ta ja ƙullin da hantsaki, ya fara zamewa kamar ba a taɓa ɗaure shi ba, sai ta bar shi haka. Sau biyu ya zarga zaren maimakon uku, kuma duk ta gefe ɗaya.

Ba ta rubuta komai ba ranar. Ta kulle farantin a kabad ta tafi gida.

Maigidan na zaune a tsakar gida yana gyaran rediyo. Ta gaya masa ba tare da suna ba, shi ma ya gane.

"Haba, ke kuwa," ya ce, yana shafa tumbinsa. "Ɗinkinsa ne a nan, shekara takwas. Kin taɓa ganin na yi yoyo?"

"Kai dai bakinka ne ke yoyo. Naka sau uku ya zarga, ina tsaye."

"To roba ce fa. Wa ya taɓa mutuwa don roba ta ɗiga?"

"Hannun da ya ɗinka robar gobe ciki zai shiga."

Abin da bai sani ba, ita ma ta yi ta neman mafita a hanya. Tana iya cewa robar ce ta tsufa. Ba wanda zai musa mata. Sai dai ta tuna tun bara 'yan ɗakin tiyata ke ba ta labarin yadda Bahago ya ƙara sauri, suna faɗa da alfahari.

Washegari da safe ta rubuta: lamba tara, yoyo, ƙulli na uku, bai ci ba.

Shugaban sashe ya buɗe ambulan ɗin sunaye, ya dube ta. "Sista, kin san ko wane ne? Shi ya riga kowa gamawa, da minti biyu."

"Na sani. Nan minti biyun suka fito."

Kafin azahar Bahago ya turo ƙofarta, hular tiyata na kansa. "Yaya, ni za ki kayar? Mutum dubu biyu na yi wa aikin nan."

"Sannu da ƙoƙari. Zauna."

Ta ajiye farantin a gabansa, ta miƙa masa sirinjin. Da hannunsa ya ɗura. Ya daɗe yana kallon ɗigon yana gangarowa. Ya ja ƙullin, ya bi hantsakin ya fito.

"Yaushe na fara haka?" ya tambaya, muryar ta sauka.

"Kai za ka sani. Ni dai sanda nake miƙa maka allura, uku kake yi."

Ya fita bai yi mata sallama ba. Sati guda in suka haɗu a baranda sai ya duba agogonsa. Ita ma ba ta bi shi ba, duk da abincin rana ya daina shigar mata. Ranar Litinin ta biyu ta zo buɗe ɗaki ta tarar da shi a bakin ƙofa.

"Akwai akwatin da ba kowa?"

"Duk ba kowa. Manya ba sa zuwa nan."

Kullum da safe yana yin awa ɗaya, wata uku cur, ƙananan likitoci na leƙowa ta taga. Da suka ga babba a zaune gaban akwati, su ma suka fara shigowa, har sai da aka ƙaro kujeru. Ranar sake gwaji ta ɗura ruwa har robar ta kumbura, ba ko ɗigo. Ta ja ƙullin duka biyar, zaren ya kusa tsinkewa ba su motsa ba.

"Yaya, yaya kika gani?"

"Ya riƙe," ta ce. Ya yi dariya har da dukan tebur.

A taron sashe na ƙarshen watan aka ba ta dama ta yi magana, aka ɗauka godiya za ta yi. Ta miƙe tana dafa kujera.

"Ni ke gwada ku, ba mai gwada ni, kuma idona ba na da ba ne. Duk sanda za ku kawo min faranti, ku saka guda biyu da kuka ɓata da gangan, kada ku gaya min waɗanne. Ran da ɗaya ya wuce ni, kada a tsaya jin nauyin tsufana. A zo ɗakina a faɗa min, a ba wani sirinjin."