Sunayen da Ba Su Fito Ba

Ina aikin ajiye bayanai a wani ƙaramin asibiti a Tambuwal lokacin da na koyi rubuta wa kwamfuta umarni. Fayil biyu na yi. Babban yana fitar da sunayen yaran da lokacin rigakafinsu ya yi, amma ba shi ke lissafa ranakun ba. Da layi guda yake kiran wani ɗan aiki da na adana a fayil na biyu, shi ya lissafa ya miƙo masa amsa.

Ɗan aikin nan ya taɓa samun kuskure, yana tsallake yaran da aka haifa ƙarshen shekara. Na gyara, na adana gyararren a wani wuri, na manta ban goge tsohon ba.

Wata Laraba aka tura ni Kebbe in nuna wa ma'aikatan can yadda abin ke aiki. Ina cikin bayani, na kai kan layin kiran, sai na tsaya na sake karanta shi. Layin bai faɗi inda fayil ɗin yake ba, sunansa kawai ya ambata. Kuma fayil biyu ke da wannan suna. Sati uku ke nan da masu allura suka fita da takardar da na buga musu, ga kuma labarin ƙyanda a ƙauyuka.

Na hau mashin na komo Tambuwal. Na buɗe kwamfutar ofis. Tsohon take kira. Na sa ta kira gyararren, sai ga sunayen yaran da aka tsallake.

Shugabar sashenmu, dattijuwar nas ce mai kaifin ido, ta same ni ina zufa.

"Malam, mi ya faru?"

Na gaya mata, ban rage komi ba.

"Ɗiya nawa na?"

"Fuɗu, Hajiya. Duk a Jabo."

Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi tsorata ni. Akwatin sanyi na allurar rigakafi ta ɗauko, ta ce in tada mashin.

Uku mun same su lafiya. Ta huɗun tana kwance jikin uwarta, jiki zafi rau. Na kasa shiga, na tsaya a zaure ina salati. Hajiya ta daɗe tana duba bayan kunnenta da cikin bakinta kafin ta leƙo.

"Zazzaɓin sauro na. Shigo ka riƙe min akwati."

Bayan kwana goma yarinyar ta warware, muka koma aka yi mata allurarta. Ni na rubuta a katinta.